Ful, Adas da Azumin Kibɗawa: Waiwaye Kan Cin Abinci Ba Nama a Khartum da Umdurman

Sudan ƙasar dabbobi ce. Ƙididdigar hukuma ta daɗe tana nuna cewa shanu da tumaki da awaki da raƙuman ƙasar sun haura miliyan 100, kuma kowace shekara jiragen ruwa na kwasar raguna daga tashar Sawakin zuwa Saudiyya, musamman idan layya ta ƙarato. A yammacin Umdurman akwai karar Muwailih, inda fatake ke sauke garkunan da suka koro daga Kordofan da Darfur. Akwai kuma kasuwar Kandahar, inda mutum kan zaɓi tsokar da ransa ke so a wurin mahauci, ya miƙa wa mata su gasa masa nan take. A Maurada, bakin kogi, tun da sassafe kifi ke cikin mai. Biki ko suna ko dawowar alhaji, sai an zubar da jini a ƙofar gida kafin a ce an yi.

Mai jin wannan zai ɗauka wanda ba ya cin nama ba shi da wurin zama a babban birnin Sudan. Amma da za a bi kwanon talakan Khartum daga Asabar zuwa Juma'a, a shekarun da ake zaman lafiya ma, kafin yaƙin 2023, abin da za a fi tararwa a ciki wake ne da man riɗi da albasa da burodi.

A ƙasashen Turai akwai masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba: nama, kifi, ƙwai, madara, man shanu, har zuma. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson da abokansa ne suka kafa ƙungiyarsu ta farko a 1944, yau kuma suna da gidajen abinci nasu na kansu, da manhajoji irin su HappyCow, wadda ta soma a 1999, masu nuna wa matafiyi inda zai ci. Kukansu ya fi yawa idan suka je hutu ƙananan garuruwan bakin teku, inda komai aka ɗora a wuta sai an sami kifi ko man shanu a ciki. Khartum ba a bakin teku take ba, tsakaninta da Bahar Maliya tafiyar kilomita kusan 800 ce. Garuruwa uku ne a bakin ruwa, Khartum da Umdurman da Bahri, kewaye da Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa. Baƙon da ya zo nan yana laluben allon da aka rubuta cewa ba a dafa nama, zai sha yawo. Abincin yana nan birjik, sai dai ba a taɓa rataya masa allo ba, kuma dalilan da suka sa mutane ke cinsa sun yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani.

Tukunyar bakin layi

Ful wani irin wake ne mai faɗi, mai kaurin ɓawo, da ake nomawa da sanyi a gonakin ban-ruwa na arewacin ƙasar. Na yankin Dongola, musamman na fadamar Silaim, shi ya fi suna. Ana dafa shi a kidira, wata tukunya mai ƙaton ciki da siririn wuya, wadda akan ɗora bisa ƙaramar wuta ta kwana tana dahuwa. Kusan kowane kantin unguwa yana da tasa a bakin ƙofa, a karkace, da dogon ludayi a ciki. Mai sayar da sukari da sabulu shi ne kuma mai sayar da karin kumallo.

Mutanen Khartum ba sa karyawa da asuba. Shayi suke sha su fita, sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya a dakatar da aiki a yi fatur. A ofis, a gareji, a makaranta, mutum biyar ko shida kan haɗa kuɗi a aiki yaro da kwano. Mai kanti zai zuba waken, ya dandaƙe shi da gindin kwalbar lemo, ya kwarara man riɗi, ya barbaɗa gishiri da shamar, ya yanka albasa da tumatir. Masu son asalin mai sukan nemi wanda aka matse a tsohuwar hanya, inda raƙumi ke zagaya turmin katako idonsa a rufe. Idan aljihu da nauyi sai a ce a gyara shi, a ƙara farin cuku da dafaffen ƙwai da ta'amiyya. Idan wata ya yi nisa sai a koma bosh: a gutsuttsura burodi a babban kwano, a jiƙa shi da ruwan dahuwar waken, a sa mai da albasa da barkono. Ɗaliban jami'a da lebura da ƙananan ma'aikata da yawa a kan bosh suka tashi.

Ta'amiyya ƙanwar ƙosai ce, sai dai da kabkabe ake yinta, wani wake mai ƙulu-ƙulu, a markaɗa shi da tafarnuwa da ganyen ƙamshi a soya. Ga salatin dakwa, wanda ake haɗa tumatir da albasa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da lemun tsami. Ga salatin aswad na soyayyen baƙin yalo. Ga miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, da dare, ga kisra, wadda ake yi da ƙullun dawa mai tsami a shimfiɗa shi sirit a kan faranti mai zafi. Da azumi kuwa farantin buɗa-baki ba ya rasa balila, wato dafaffen wake ko kabkabe, tare da zoɓo da ruwan tsamiya da na kuka da hilu-mur. Mai gudun nama na iya shafe mako guda a haka ba tare da ya maimaita kwano sau uku ba.

Wurin da ƙafa ke zamewa shi ne miya. Miyar busasshiyar kuɓewa da ake ci da asida, tuwon Sudan, a ido ba ta da tsoka ko ɗaya, amma ƙarfinta daga sharmut ne, busasshen nama da aka daka ya zama gari. Wata miyar da kindirmo ake haɗa ta. Lalo da kabewa da rijla akan dafa su da ƙashi. Wani salatin aswad ɗin da nono a ciki, wani mai kantin kuma zai goga cuku a kan ful tun kafin a tambaye shi, don a ganinsa kyautatawa ce. Uwa uba, cin abinci a Sudan na taro ne: babban faranti guda, kowa ya sa hannu. Mai gida kan turo wa baƙo tsoka mafi kyau, kuma in baƙon ya janye hannu tambayar farko ita ce ko ba shi da lafiya.

Masu azumin kwana ɗari biyu

Akwai kalma guda da ke raba wannan gardama a kasuwar Umdurman: siyami, wato abincin azumi. Daga Kibɗawa ta fito. Kiristocin Kibɗawa sun daɗe a Sudan, kuma unguwar Masalma da ke tsakiyar tsohuwar Umdurman ita ce cibiyarsu tun zamanin Mahadiyya. An san su da aikin akawu, da likitanci, da sayar da magani, da kasuwanci. Azuminsu ya bambanta da na Musulmi: bayan kame baki na wasu sa'o'i, abin da za a ci ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Babban azuminsu kafin Ista kwana 55 ne, na kafin Kirsimeti kwana 43, ga Laraba da Juma'a na yawancin makonni. Idan aka tara, mai riƙo da addini yakan wuce kwana 200 a shekara. A wasu azumin an yarda da kifi, amma a babban azumi da Laraba da Juma'a ko shi ba a ci. Uwar gidan Bakibɗiya ta san hanyoyin sarrafa adas da ful da yalo da man gyaɗa fiye da yadda littafin girki zai ɗauka, maƙwabtanta Musulmi kuma sun san ranar da ba a aika mata da romo.

’Yan Habasha da Eritiriya mabiya cocin Orthodox su ma haka suke azumi. Yaƙe-yaƙe da neman abin kai sun kawo su Khartum tun shekarun 1960 da 1970, suka cika unguwannin Daim da Sahafa da Jiraif. Ƙananan gidajen abincinsu sun yi suna da zigni, miyar nama mai yaji, amma ranar Laraba ko Juma'a akwai injera, irin tasu kisrar, da aka jera wa shiro, miyar garin wake, da jajayen adas da kabeji da dankali, a ƙarshe a kawo gahawa da turaren wuta. Ga mai neman abincin da babu komai na dabba a ciki, kuma ba ya son dogon bayani, kafin yaƙi nan ne wurin da ya fi kwanciyar hankali a duk faɗin birnin.

Sai Indiyawa. ’Yan kasuwar Gujarat ta bakin teku suka shigo: sun fara sauka Sawakin a ƙarni na 19, daga baya suka bazu zuwa Port Sudan da Kasala da Umdurman, inda suka riƙe cinikin yadi a babbar kasuwa. Da yawansu ba su taɓa ɗanɗana nama ba tun haihuwa, ko da yake suna shan madara, suna girki da man shanu. Nasu girkin a cikin gida ya tsaya, bai fito titi sosai ba, amma masu kayan miya da masu kayan ƙamshi na kasuwar sun san buƙatunsu.

Tafasa da batso sun yi hijira

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari. Hanyar hajji ta ƙasa ta Sudan take bi, alhazai da dama kuma sun yada zango ba su ƙara gaba ba, wasu a hanyar zuwa, wasu a ta dawowa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, ƙarfin Hausawa da Fulani da Barebari na cikin abin da ya ɗauke su. A Khartum kanta an yi unguwar Ishash Fallata, kafin hukuma ta tashe ta a mayar da mutanenta Inkaz a kudancin birni.

Abin da titin Khartum ya fi sanin Hausawa da shi nama ne: agashe, tsiren da aka turmuza cikin garin ƙuli da yaji, wanda ya zama abin marmarin yamma daga Umdurman har Bahri. Amma ƙaramar sana'ar da ta riƙe gidaje da yawa ta mata ce. A ƙofar makaranta da tashar mota, hajiya ce zaune da faranti, tana auna soyayyar gyaɗa da tasali, wato gasassun ’ya’yan kankana. A cikin gida kuma tuwo da miyar kuka ba su bar tukunya ba.

Wani abin da zai ba mai karatu na Kano ko Maraɗi mamaki shi ne kawal. Ganyen tafasa ne, wanda ake kwaɗo da shi a ƙasar Hausa. A Darfur akan daka shi ɗanye, a cusa a tulu, a binne a ƙasa wajen mako biyu ya ruɓa, sannan a dunƙula a shanya. Idan aka sa a miya yakan tsaya a madadin nama. Haka furundu, wanda ake yi da ’ya’yan yakuwa, ɗan'uwan daddawar batso ne sak. Masanin Jami'ar Khartum Hamid Dirar ya yi cikakken littafi a 1993 kan abincin gargajiyar Sudan da ake tsimawa, inda ya nuna cewa matan karkara sun daɗe da gano hanyar samun abin gina jiki ba tare da yanka ba. Farin 1984 da 1985 ya koro dubban mutanen Kordofan da Darfur zuwa gefen Umdurman, suka zo da waɗannan dabaru, kawal ya sami wuri a kasuwannin yamma irin su Suk Libiya. ’Yan birni sun daɗe suna toshe masa hanci, suna cewa warinsa ba ya barin hannu.

Kuɗin mai da miskol

A 1999 Sudan ta fara fitar da man fetur, a 2005 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta tsayar da yaƙin Kudu. Kuɗi suka shigo, ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da na ƙungiyoyin agaji suka cika unguwannin Amarat da Riyad da Khartum 2. An buɗe katafaren kantin Afra a 2004, wuraren shaƙatawa irin su Ozone suka zama mahaɗar masu hali. Bayan 2011 Siriyawa suka zo da yawa, don a lokacin Sudan ba ta neman biza a wurinsu, suka buɗe gidajen abinci masu hummus da falafel da salati kala-kala. A wannan tsakanin ne aka fara ganin sabon mai cin ganye a birnin: baƙon Bature da ke tambayar abin da aka sa a miya, matashiyar da ta karanta wani abu a intanet, dattijon da likita ya hana jan nama saboda hawan jini ko ciwon sukari. Wannan ne karon farko da barin nama ya zama zaɓin mai kuɗi a aljihu, ba umarnin coci ba, ba kuma hukuncin talauci ba. Sai dai tsirarun unguwanni kawai abin ya shafa.

A sauran unguwannin labarin daban ne. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, fam, kuɗin Sudan, ya fara zubewa. A Satumbar shekarar Ƙungiyar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Sudan ta kira jama'a su ƙaurace wa nama na ’yan kwanaki, da taken "al-gali matruk", ma'ana mai tsada a bar shi. A ƙasar da ke loda raguna a jirgi, magidanci ya koma sayen abin da ’yan birni suka laƙaba wa miskol: ’yar tsoka da ƙashi da ba su kai a auna ba, a jefa a tukunya miya ta ji ƙamshi, da babu gara ba daɗi. Masu kanti suka shiga ƙulla mai da sukari da garin tumatir a ’yan ledoji na girki ɗaya, tsarin da ake kira gadar zurufak, wato daidai halinka.

Da burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku a Atbara a Disambar 2018, zanga-zangar da ta ɓarke ta kai ga sauke Shugaba Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019. A zaman dirshan da aka yi a gaban hedikwatar soja daga 6 ga Afrilu zuwa 3 ga Yuni, manyan tukwanen ful da adas ne suka ciyar da dubban mutane kyauta. Cikin masu tsaye a kan murhun akwai Awadiya Mahmud Koko, shugabar haɗakar mata masu sayar da shayi da abinci, wadda gwamnatin Amurka ta karrama a 2016. Matasan kwamitocin unguwanni sun koyi tara gudummawa da raba abinci a wannan fili, ba su san darasin zai yi musu amfani nan gaba ba. Zuwa 2021 hauhawar farashi ta wuce kashi 300 cikin ɗari, ful ɗin ma ya fara gagarar wasu gidaje.

Asabar ɗin da kowa ke azumi

Ranar 15 ga Afrilun 2023 ta faɗo 24 ga Ramadan. Ita ce kuma ranar ƙarshe ta babban azumin Kibɗawa da Habashawa, washegari Ista, an riga an tanadi abin yanka bayan kwana 55 na wake da mai. Da safiyar ranar faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF a tsakiyar birni.

Cikin makonni kaɗan taswirar abincin da aka kwashe shekara ɗari ana zanawa ta goge. Indiya ta kwashe mutanenta kusan 4,000 ta Port Sudan zuwa Jidda a aikin da ta kira Kaveri. Ɗaliban Najeriya, da yawansu na Jami'ar Ifrikiyya, suka bi motoci zuwa iyakar Masar da bakin teku. A watan Mayu ’yan bindiga suka afka cocin Mar Girgis a Masalma suka raunata masu ibada. Habashawa da ’yan Eritiriya, waɗanda da ma gudun wani yaƙin ya kawo su, suka sake ɗaura kaya. Gidajen abincin Amarat da Riyad suka zama kango, babbar kasuwar Umdurman ta sha wawaso da gobara. Tsibirin Tuti, wanda lambunansa ke aiko wa birni da jirjir da tumatir da lemun tsami ta gada guda, ya shiga ƙawanya, har zuwa Oktoban 2024 da aka fitar da ragowar mazaunansa. Jihar Jazira, rumbun kayan miyar Khartum, ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023.

Masu hali da yawa sun nufi Port Sudan, inda gwamnati ta koma da zama a lokacin. Can suka haɗu da ainihin matsalar garin bakin teku. Abin alfaharin garin kifi ne da salat, naman da ƙabilar Beja ke gasawa a kan duwatsu masu zafi. Ƙasar busasshiya ce, yawancin kayan lambu daga nesa motoci ke kawo su, daga Kasala da wasu wuraren. Ruwan sha kansa saye ake yi, kuma ya ƙara wuya bayan ɓallewar madatsar Arba'at a Agustan 2024. Mai neman ɗanyen ganye a wannan gari, ga cunkoson baƙi ga tsadar haya, yakan ƙare a kan ful da ta'amiyyar da ya baro a gida.

Layin takiyya

Waɗanda suka rage a garuruwa ukun takiyya ce ta riƙe su. Tsohuwar al'ada ce ta shehunan ɗariƙa: a zawiya akwai wurin da ake dafa abinci dare da rana don almajirai da baƙi da duk wanda ya shigo, kamar yadda aka san zawiyar Umm Dawwan Ban a gabashin Khartum tun ƙarni na 19. Da yaƙi ya zo, matasan unguwanni suka kafa abin da suka kira ɗakunan agajin gaggawa, suka ɗauko sunan da tsarin suka baza a masallatai da makarantu da tsakar gidaje. Da hantsi za a ga layin robobi da bokitai a ƙasa, kowanne na riƙe wa mai shi wuri. A cikin masu jiran har da malaman jami'a da tsofaffin manyan ma'aikata waɗanda albashinsu ya tsaya.

Abin da ke cikin tukunyar kusan kullum ɗaya ne: adas, ko ful, ko shinkafa, ko balila. Dalilin a fili yake. Babu wutar lantarki, don haka babu firji, busasshen wake kuwa yakan yi watanni a buhu. Adas na saurin nuna, ba ya cin itace da yawa, a lokacin da gas ya ɓace har wasu ke sare bishiyoyin titi. Buhu guda yana ciyar da gidaje masu yawa, kuma ba ya jan idon mai bindiga a shingen hanya kamar yadda rago zai ja. Kuɗin na zuwa ne daga ’yan Sudan mazauna Saudiyya da ƙasashen Larabawa da Turai ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum, da kuma tallafin ƙungiyoyi. Shi ya sa da aka katse layukan waya da intanet a Fabrairun 2024 murhu da yawa suka mutu cikin kwanaki. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin da take bayarwa a waje, masu gudanar da ɗakunan suka ce kusan kashi 80 cikin ɗari na wuraren girkin, wajen 1,100, sun rufe. Ɓangarorin biyu masu faɗa sun kama ’yan sa-kai, an kashe wasu. A 2025 aka ba ɗakunan lambar Rafto ta ƙasar Norway da ta Right Livelihood ta Sweden.

A takarda, abincin takiyya ya cika duk sharuɗɗan da ƙungiyar Watson ta gindaya a 1944: ba nama, ba ƙwai, ba madara. A jikin mutum kuwa tazarar mai nisa ce. Wanda ya bar nama don ra'ayi a Landan yana da ganye da ’ya’yan itace da gyaɗa iri-iri, yana kuma shan ƙwayar bitamin B12, wanda ba a samu a tsirrai. Yaron da ke layi a Umbadda ko Kalakla ludayi guda yake samu a wuni, wata rana ma babu. Asibitocin da suka rage a Umdurman sun cika da yara masu tamowa da mata masu ƙarancin jini, kwalara kuma ta biyo baya a 2025. A Fashir, can Darfur, ƙawanya ta kai mutane ga cin ambaz, tunkuzar da ke ragowa bayan an matse man gyaɗa, wadda a da dabbobi ake ba.

Bayan dawowa

A Maris 2025 soja suka karɓe fadar shugaban ƙasa da tsakiyar Khartum, a Mayu suka ce jihar Khartum gaba ɗaya ta dawo hannunsu. Zuwa Oktoba hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum miliyan ɗaya sun koma. Sun tarar da birnin ya karkata: hada-hadar ta koma arewacin Umdurman, unguwannin Saura da kasuwar Sabirin, inda aka fi samun zama a lokacin faɗan, duk da cewa ita ma kasuwar ta sha luguden wuta a Fabrairun 2025 da ya kashe mutum fiye da 50. Sana'ar ful ba ta buƙatar jari mai yawa, tukunya ce da gawayi da benci, don haka ta riga manyan gidajen abinci tashi. Su manyan, wasunsu sun buɗe a unguwar Faisal ta Alƙahira, wasu a Kampala, inda ’yan gudun hijira ke cin ful da kisra suna bin labarin gida a waya.

Abin da bai dawo da sauri ba shi ne mutanen da suka mayar da girki ba nama gwaninta. Iyalan Kibɗawa da yawa suna Masar, ’yan kasuwar Gujarat da aka haifi kakanninsu a Umdurman sun sami kansu a Indiyar da wasunsu ba su taɓa zama a cikinta ba, gidajen injera na Daim sun watse tare da masu su. Takiyya kuwa ba ta rufe da tsayawar harbi a birnin ba, don mai dawowa yakan iske gida babu ƙofa, babu aiki, babu jari.

Farashin kwanon gobe a arewa ake yanke shi. Manoman Dongola da na jihar Kogin Nilu suna shuka ful da shigowar sanyi, wajen Nuwamba, su girbe wajen Maris, kuma injinan ban-ruwansu da yawa da wutar madatsar Marawi suke aiki. A 2025 jirage marasa matuƙa sun kai wa tashar wutar Marawi hari fiye da sau ɗaya, lantarki ya ɗauke na kwanaki, gonaki suka sha ƙishi. Manomin da ya koma injin dizal yana biyan kuɗin mai ninki-ba-ninki, dillali ya ɗora nasa, direban da ya kawo buhun Umdurman ya ɗora nasa, mai kanti kuma ya rage girman ludayi.